Kada Ki Hau Jirgin Nan

Zuwa ga sanyin idona, inuwata in rana ta take, ruwan randata in na dawo a gajiye, farin watan da ya tafi ya bar mini sama wayam! Zuwa ga uwar Kurciya, abokiyar shawarata kuma abokiyar faɗana, wadda ko hararta ta fi mini murmushin wasu daɗi. Ina miki sallama irin ta wanda ya ƙosa, da gaisuwar da ta fi ƙarfin ambulan ɗin nan. Ina fatan kuna lafiya, ke da 'yarmu. Ni dai ga ni nan, ina ci, ina sha, ina zuwa aiki, in wannan shi ake kira lafiya.

Na san za ki ce me ya kai ni rubuta takarda alhali ga waya. To ai wayar ce ta kai mu inda muke. Shekaranjiya da kika ce kin gaji, za ki tattara kayanku ku dawo gida, da na buɗe baki sai faɗa ya fito, kika kashe wayar. Kin kyauta da kika kashe. Kin san halin mijinki, in ransa ya ɓaci harshensa gaba yake yi ya bar hankali a baya. Takarda kuwa ba ta ɗaga murya, ba ta katse mutum. Wata ma'aikaciyar jirgi da muke mutunci da ita za ta kawo miki. Ki dubi wannan abin takaici, don Allah! Fallen takarda zai hau jirgi ya tsallake iyaka ba wanda zai tambaye shi izini, ni da na rubuta shi ina ƙasa ina ɗaga masa hannu.

Shekara da shekaru ina tsaye a filin jirgin nan, sandunan haske biyu a hannuna, riga mai ƙyalli a jikina, kunnuwana a toshe, ina nuna wa matuƙa inda za su bi da inda za su tsaya. Jirgin da ya fi benen da muke haya girma, in na ce masa zo sai ya zo, in na ce tsaya sai ya tsaya cak. Sai ga shi bayan tafiyarku an wayi gari da doka, wai ma'aikatan filin jirgi suna cikin muhimman ma'aikatan da ƙasa ba za ta iya rabuwa da su ba, kowa ya kawo fasfo ɗinsa a ajiye masa. Muhimmi! Ni! Tun da na kama aikin nan ba wanda ya taɓa gaya mini ina da muhimmanci sai ranar da suka zo karɓar fasfo. Dogo, abokin aikina, cewa ya yi, "Mutumina, ka ga ƙauna ko? Irin wadda ake wa kaza, a ba ta tsaba a ɗaure mata ƙafa." Kowa ya yi dariya a ɗakin canza kaya, ni kaɗai na kasa.

Kada ki ɗauka zama na yi na naɗe hannu, rabin raina. Ofishin izinin fita ya san ni kamar yadda ya san masu shararsa. Na san bencin da ƙafarsa ke rawa, na san fankar da ke juyi ba iska, na san 'yar tagar nan da sai ka sunkuya kamar mai roƙo kafin ka ga fuskar mai tambari. Na gaya masa 'yata ce aka yi wa aikin kunne a waje, ta fara ji, ba ta taɓa jin muryar ubanta a kusa ba. Na ce a ba ni mako guda, in sun so su haɗa ni da ɗan rakiya ya riƙe mini riga. Bai ko ɗago ba ya ce, "Malam, ba kana ganinta a waya ba? To me ya rage? Ka dawo wani makon." Me ya rage! Na tsaya ina kallon saman kansa, na rasa ta inda zan fara lissafa masa abin da ya rage. Shin ana sunsuna kan yaro ta waya? Ana ɗaukarsa a wuya ta waya? Mace tana jingina da kafaɗar mijinta ta waya in ta dawo daga asibiti ƙafafunta sun kumbura? Masu iya magana sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa. To ni na dafa dutsen har tukunya ta ƙone, romon ne ban gani ba.

Laifin me na yi musu? Ban saci komai ba, ban zagi kowa ba, ba gudu zan yi da filin jirginsu a aljihu ba. Matata da 'yata kawai nake son gani. Tsuntsayen da muke kora daga kan titin jirgi sun fi ni 'yanci, in an kore su nan sai su tashi su sauka inda suka ga dama, ba takarda ba tambari.

Amma ba don in yi miki ƙorafi na ɗauki biro ba, gimbiyata. Don in tuna miki wani abu ne.

Kin tuna ranar da murfin tukunya ya suɓuce miki a kicin ya faɗi da ƙarar da har maƙwabta suka leƙo, Kurciya tana zaune kusa da ƙafarki ko waiwayowa ba ta yi ba? Kin tuna yadda muka kalli juna, kowa ya gane, ba wanda ya iya furtawa? Watanni kika yi kina kiran sunanta a bayanta ko Allah zai sa ta juyo. Ni kuwa da ban san komai ba sai aikina, rannan na dawo ko riga ban cire ba, na tsaya a bakin ƙofar falo na yafito ta da hannu biyu yadda nake yafito jirgi. Sai ga yarinya ta saki kujera ta taho tana tangaɗi har ta faɗa jikina. Kika zauna a ƙasa kina dariya kina kuka, kina cewa, "Kai dai Allah ya shirye ka, ka mai da mini 'ya jirgin sama!" Daga ranar muka samu yarenmu. In na yafito, ta zo. In na gicciya hannuwa a saman kai, ta tsaya, ko da ta nufi risho ne. In na ja hannu a maƙogwaro yadda ake ce wa matuƙi ya kashe inji, ta san lokacin kwanciya ya yi, ta turo baki ta tafi. Ni da nake wuni kunne a toshe, ashe Allah shirya ni yake yi don in iya hira da 'yata.

Ranar tafiyarku kuma ai ba sai na tuna miki ba, tun da har yau kina tsokanata da ita. Na roƙi oga ya bar ni ni zan sallami jirginku. An tura shi baya, inji ya tashi, abin da ya rage kawai in ɗaga hannu in ce hanya ta buɗe. Sai na hango ku ta taga, ke kin kawar da kai don kada in ga hawayenki, ita kuwa ta manna fuska a gilashi tana yafito ni da hannuwanta biyu. Wallahi ban san lokacin da sandunana suka hau sama suka gicciye ba. Matuƙi ya taka birki, jirgi guda cike da mutane ya tsaya saboda zuciyar mutum ɗaya ta ƙi. Oga ya wanke ni tas a gaban kowa, Dogo kuma har gobe in ya gan ni sai ya ɗaga hannu ya ce, "Ga mai tsayar da jirgi da so!" Ban ji kunya ba, kuma da za a maimaita ranar ban da tabbacin hannuwana za su yi mini biyayya.

To ki ji da kyau, hasken gidana. Mutumin da ya tsayar da jirgi don kada ki tafi, shi ne yau yake roƙonki kada ki dawo.

Na san abin da ya karya miki zuciya. Kin ce kalmar farko da ta fito daga bakin Kurciya "Baba" ce, amma wayar take nunawa in ta faɗa. In wayar tana kan tebur a kashe, sai ta ɗauke ta ta rungume ta ce Baba. Kin ɗauka ni bai taɓa ni ba? Ranar da kika gaya mini, bayan motar kaya na zagaya na tsuguna, na bar abin toshe kunnen a kaina don kada in ji kukan kaina. An mai da ni ƙarfe da gilashi, abin da ake sa wa caji! Ina kishin wayar nan kishin da ban taɓa yi wa ɗa namiji ba. Ina kishin likitan da ya ga fuskarta ranar da aka kunna mata na'urar jin da aka sa mata a kunne, ina kishin malamar da ke koya mata magana, ina kishin hatta tattabarun da kika ce suna sauka a tagarku ta tsaya tana sauraren kukansu baki buɗe.

Amma ke ma kin san ɗaya rabin dokar. Duk wanda ya shigo, ba ya sake fita sai da izini, izinin jinya kuwa sai kwamiti ya zauna, kwamitin da ba wanda ya taɓa ganin ranar zamansa. Kin san matar mai kantin da ke ƙasan benenmu. Tana tsakiyar magani a waje mahaifinta ya rasu, ta ce bari ta zo ta yi gaisuwa ta koma. Yanzu benci ɗaya muke zama da ita a ofishin nan, kullum tana ƙara ramewa, mijinta na riƙe mata jaka. Rannan ta dafa bencin ta ce mini, "Ɗan'uwa, ka gaya wa maman Kurciya ta zauna inda take. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya." Ga saƙonta nan na isar.

Likitan ya gaya miki na'urar nan sai an riƙa daidaita ta a hankali har kunnen ya saba, kuma a nan ba mai yin wannan aikin, mun nema mun gaji tun kafin ku tafi. In kuka dawo yanzu, ranar da ta fara ba da matsala wa za mu kai wa? Mai tambari? Yarinyar da ta ɗanɗana kukan tattabara da muryar uwarta, mu mayar da ita cikin shiru don ubanta ya ji daɗin an kira shi Baba ido da ido? Wace irin ƙauna ce wannan? Gara ta yi ta kiran waya Baba har ta yi wayo ta gane, da ta zauna a cinyata tana kallon bakina yana motsi ba ta jin komai.

Na san nauyin a kanki yake, ke kaɗai, a garin da ba dangin iya ba na baba. Na san kina tashi da ita, ki kai ta, ki dawo da ita, ki yi girki, ki yi wanki, ba mai ce miki sannu. To sannu, uwar 'yata. Sannu, sannu, har sau adadin jiragen da na taɓa sallama. Inna ma kullum sai ta ce in gaya miki tana sa miki albarka. Jiya da na je gaishe ta na ba ta labarin kina son dawowa, ta ce, "Kai ne ka cika mata kunne da ƙorafi, shi ya sa. Namiji da baki kamar ƙofar kasuwa!" Na kuwa san ba ta yi ƙarya ba.

Ga alkawarina. Ba zan daina zuwa ofishin nan ba, ko bencin zai karye da ni. Zan sunkuya a tagar nan har bayana ya ƙage, zan rubuta, zan roƙa, zan dame su har su gaji da ganin fuskata su ba ni fasfo ɗina don su huta. Doka mutum ne ya yi ta, kuma ban taɓa ganin ƙofar da aka rufe har abada ba. Ɗakinmu yana nan yadda kika bar shi, mayafinki na rataye a bayan ƙofa, na hana kowa taɓawa. Takalman Kurciya ma suna nan, ko da yake na san yanzu ko babban yatsanta ba zai shiga ba.

Abu ɗaya nake so ki riƙe, ya abar ƙaunata. Jirgin da ke zuwa daga wurinku, a layina yake sauka. In kika yi gaban kanki kika hau shi, ni ne zan tsaya a gabansa da sanduna, kuma wannan karon ba ni da ikon tsayar da shi a hanya. Dole in yafito shi, taku bayan taku, har inda zai kashe inji a rufe ƙofar ƙasar nan a bayanku. Kurciya za ta hango ni ta taga, za ta ga ina cewa zo, za ta yi murna ta ɗauka kiran gida ne. Na roƙe ki da girman Allah, kada ki sa in yi wa 'yata wannan ƙaryar da yaren da ni na koya mata.

Ki zauna. Ki bar ta ta ji ruwan sama, ta ji kukan mota, ta ji faɗanki in ta yi ɓarna. Gobe in na kira, ki ajiye wayar a kan tebur ki matsa da ita nesa kaɗan yadda Kurciya za ta ga hannuwana duka biyu. Akwai alamar da ban taɓa koya mata ba, wadda muke yi wa jirgin da lokacinsa bai yi ba, ma'anarta jira inda kake, ina nan, ban manta da kai ba.

Naki ne ni, jiya da yau da ranar da za a buɗe ƙofa, ko ta buɗe ina da ƙarfina ko ta buɗe ina dogara sanda. Ba wata, ba kuma za a yi wata ba.

Mijinki,
mai tsayar da jirgi.