Kwanso Ya Maƙale, Barewa Ta Yi Tafiyarta

Delmer Stroup,
Garin Coldwater Gap, Jihar Montana.
18 ga Nuwamba, 2019.

Zuwa ga Mai Girma Manaja,
Kamfanin Kessendorf Mai Ƙera Kayan Cika Harsashi.

Game da: Ƙarfenku na matse kwanso da ya zubar mini da mutunci

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina sanar da kai cewa shekara talatin ke nan ina tsince kwanson harsashina in sake cika shi da hannuna, ban taɓa jin kunya ba sai da na sayi ƙarfenku.

1. Ranar 2 ga wata na sa kwanso cikin ƙarfen don ya koma girmansa na asali, ya maƙale. Na ja da ƙarfi, gindin ya tsinke. Ma'aikacinku ya tambaye ni ta waya ko na shafa mai, kuma ko na karanta takardar bayani. Ranka ya daɗe, wannan ba tambayar da ake yi wa mai jikoki ba ce.

2. Na sa ƙarfen cikin firiza ya kwana biyu ko sanyi zai sassauta shi. Uwargidana Lorna ta same shi kwance a kan naman miyarta. Abin da ta faɗa ba ya rubutuwa a takardar ofis.

3. Da na fitar da kwanson da guduma, sai na bi shawararku, na lafta mai har da man shanun ɗakin girki. Kwanso arba'in suka fito da lotsattsun kafaɗu, wato gindin wuyansu. Haka na cika su.

4. Ranar 9 ga wata, a wurin farauta, gaban ƙanin matata Burl, ƙosasshiyar barewa ta tsaya mini taku sittin. Na tura ɗaya daga cikin harsasan nan, bindiga ta ƙi rufuwa. Barewar ta dube ni, ta gama kiwonta a natse, ta wuce. Burl ya yi dariya har ya zauna cikin ƙanƙara. Yanzu ko a coci "Mai Tausayin Dabbobi" ake kirana.

Don haka ina roƙon a sauya mini ƙarfen, a kuma rubuto wasiƙa mai hatimi cewa laifin naku ne. A taimaka ta iso kafin ranar 28, domin dangi kaf za su hallara cin talo-talon bikin godiya, kuma an ce Burl ya fara koyon kwaikwayon tafiyar barewa.

Ka huta lafiya.

Naka mai biyayya,
Delmer Stroup