Safiya Ta Amsa Sunanta

Laraba da dare, unguwar Briqueterie

Yau 'yata Safiya ta amsa sunanta a aji. Tun rasuwar mahaifiyarta ba ta ƙara buɗe baki gaban mutane ba, har shugaban lekol, wato makarantarsu, ya gargaɗe ni cewa za a mayar da ita ajin baya. Na so kai ta wurin likita, amma tun da aka zabge mana albashi hakan ya gagara.

Ashe maganin yana wurin ƙawarta Jenabu, 'yar maƙwabcinmu tela. Kullum bayan la'asar takan jera kwalabe a matsayin ɗalibai, ta riƙe sanda, ta zama Madam, wato malamar aji. Ita ke kiran suna, ita ke amsa wa kowace kwalba da murya dabam, Safiya tana zaune a tsakiyarsu tana ƙunshe dariya.

Jiya suka tare ni a ƙofa. Jenabu ta ce, "Baba, ka makara! Zauna kusa da kwalbar manja." Na zauna a ƙasa da kwat ɗina. Da ta kira sunana, na tsaya ina kallon Safiya. Sai Safiya ta taɓa gwiwata ta ce, "Baba, présent kawai za ka ce. Ba wuya."

Na faɗa. Yau ita ma ta faɗa gaban Madam ta gaskiya. Jenabu ta shigo da gudu tana cewa, "Wallahi har na bayan aji sun ji!"

Shugaban ya ce za ta zauna a ajinta. Alhamdu lillahi. Na riƙe hawayena sai da na rufe ƙofar ɗakina.