Muryar Kaka a bakin Bulus

Yaya Saratu,

Gaisuwa cikin Ubangiji. Ya jiki, ya maigida da yara? Mu a Kafanchan lafiya.

Mun binne Kaka a Kwoi. Jikoki sun yi wasan da aka saba na kwaikwayon mamaci: Bulus ya sa rigar Kaka, yana ɗingishi, yana faɗa an taɓa masa citta. Ana dariya, ni kuwa na tuna karatuna. Kwanan nan ina karanta waƙoƙin zambo na Italiya ta zamanin da. Waɗanda aka yi wa sun mutu tuntuni, zambon kaɗai ya rage: wane marowaci, wane mashayi.

Ke kika fi zama da Kaka, ki rubuto min halinsa. Jiya na nemi tuna muryarsa, ta Bulus na ji.

Ki sa mu a addu'a, ki gaida kowa.

Ƙaninki,
Ishaya