"To" Ɗina Ba Sa Hannu Ba Ne

Zuwa ga Shugaban Sashen Katunan Bashi na bankin da albashina ke shiga, Port Saeed, Dubai.

Yallaɓai, bayan gaisuwa da fatan alheri a gare ka da ma'aikatanka.

Ranar Litinin da ta wuce, jim kaɗan bayan Azahar, ina zaune gaban teburin wata ma'aikaciyarku aka shaida mini cewa ba za a ba ni littafin cak ba, saboda makina na bashi, wato makin da ake auna yadda mutum ke biyan bashi da shi, ya yi ƙasa. Ban yi gardama ba, domin har ranar ban san ina da wani maki ba. Bara na gama jami'a, wannan ne aikina na farko. Na samu ɗaki da falo a unguwar Al Warsan, mai gidan ba ya karɓar haya sai da cak, kuma sai da takardar haya a hannu zan nemar wa matata biza ta taho daga Zariya. Dillalin gidan ya ce zai jira ni zuwa ƙarshen wata. Na miƙa kwafin wasiƙar nan da Turanci a reshenku. Wannan ta Hausa don 'yan'uwana ce, kada su faɗa inda na faɗa.

Na farko. Na karɓo rahotona daga hukumar da ke ajiye tarihin bashin mutane, na karanta shi layi-layi. Katuna uku ne da sunana. Ɗaya ni na nema. Da shi nake cefane, kuma ina biya gaba ɗaya kafin ranar biya, don kada riba ta shiga tsakanina da ku. Babu wata ɗaya da na makara a kansa.

Na biyu. Sauran biyun ta waya suka zo. Sau biyu wakilanku suna kirana ina wurin aiki, suna zuba bayani ba numfashi, ni kuma ina cewa "okay". Yallaɓai, a bakina wannan kalma "to" ce. A wurinmu "to" na nufin na ji ka. Da ita muke sauraron babba, da ita kuma muke sallamar mai talla ba tare da mun kunyata shi ba. Ba wanda ya tambaye ni kai tsaye ko ina so ko ba na so. Da katunan suka iso na sa almakashi na datse su, a zatona magana ta ƙare.

Na uku. Ashe datse kati ba rufe shi ba ne. An ɗora wa kowanne kuɗin shekara, saƙonnin suna shiga adireshin imel ɗina na jami'a da aka riga aka rufe, aka yi ta rubuta mini makara wata bayan wata. Ma'aikaciyarku, Allah ya saka mata, ta zauna ta fahimtar da ni cewa maki yana bin biya a kan lokaci, da yawan abin da mutum ya ci daga iyakar katinsa, da yawan sababbin katunan da aka buɗe masa a ƙanƙanin lokaci. Ta ce ko katin da ba a taɓa ba ana lissafa shi cikin nauyin da ke kan albashi. Ni da aka rena da gudun bashi, yau ga ni a takarda mai taurin bashi.

A ranar da ta yi mini wannan bayani na biya kuɗin da ake bi na, na karɓi rasit, na rubuta neman a rufe katunan biyu. Ta tabbatar mini cewa maki yana hawa idan aka dage da biya, kuma banki na iya gyara abin da ya aika wa hukumar. Wannan ne ya sa na iya cin abinci da yamma.

Roƙona, Yallaɓai: a saurari muryar kiran nan biyu, tunda kuna naɗa. Idan an ji na ce ina son kati, zan ɗauki hukuncin. Idan ba a ji ba, a cire mini makarar, a ba ni takardar shaidar rufewa, a sake duba maganar cak. A kuma umarci wakilanku su riƙa yi wa mutum tambaya fili, su jira amsa fili.

Abin da har yanzu ban sani ba shi ne ko muryar tana nan, da tsawon lokacin da gyara ke ɗauka kafin ya bayyana a rahoto, da ko rufe katuna biyu a lokaci guda zai sake taɓa makin, da ko dillalin zai ƙara mini mako idan ya ga takardarku. Matata dai na ce mata ta ci gaba da haɗa kaya.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya ba ka ikon yin adalci, ya sa albarka a aikinka.

Wassalam.

Naka,
Nazifi, ƙaramin akanta a wani kamfanin jigilar kaya, Port Saeed.