Kurfin da Yaya Ya Wasa

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya aikin asibiti, yaya fama da marasa lafiya? Mu nan kowa lafiya, sai kewarki. Matata na gaishe ki, ta ce in tuna miki kin yi alkawarin zuwa tun ɗanta bai fara rarrafe ba, ga shi yanzu sai an bi shi da gudu.

Na san za ki yi mamakin ganin wasiƙa daga hannuna, ni da ko a makaranta sai da bulala nake rubutu. Sau uku ina kiranki a waya don in faɗa miki, da na ji muryarki sai in ɓige da tambayar yara. Maganar ta ƙi fita ta baki. A kan Yaya ne, babban wanmu.

Kin san tsarin shagonmu tun Baba na da rai: mutum ɗaya ne ke washi. Da Baba ne, da ya rasu Yaya ya gada. Kullum in mun tashi daga aiki sai ya ja kujerarsa gaban dutse, ya ɗiga mai, ya bi su kurfi, ƙarafan da muke huda katako da su, ɗaya bayan ɗaya, ya jera su a kan benci domin gobe. Ni shekara talatin ina kafinta, amma a wurin Yaya har yau ban isa in taɓa dutsen nan ba.

Bari in yi miki bayanin wani abu, don ki gane tsorona. In aka goga ƙarfe a dutse har bakinsa ya kai, wani ɗan siririn gashin ƙarfe yana tasowa ta baya. Ido ba ya ganinsa. Sai ka shafa da babban yatsa ka ji yana kama fata. Mu gemu muke ce masa. In gemu ya fito daga wannan gefe zuwa wancan, washi ya yi, sai a juya ƙarfen a share shi. In bai fito ba, ko ƙarfen na sheƙi kamar madubi, an yi aikin banza.

Wata bakwai da suka wuce na ɗauki kurfin da Yaya ya wasa zan huda gurbin makulli a jikin ƙofa. Ya ƙi ci, na danna da ƙarfi, ya zame ya yage mini wando a gefen cinya. Na duba sauran, duk haka suke, a dakushe. Da yamma na laɓe da share garin katako ina kallonsa. Yana gogawa kamar kullum, ya shafa yatsa a bayan ƙarfen, ya gyaɗa kai, ya ajiye. Na bi bayansa na shafa, babu gemu ko kaɗan. Auta, yatsan Yaya ba ya jin komai, sabo ne kawai ke gyaɗa masa kai.

Tun daga ranar na lura da wasu abubuwan. Ƙananan ƙusoshi na zubewa daga yatsunsa bai sani ba. Yana riƙe kofin shayin da ni sai da tsumma nake ɗauka. Maɓallin wuyan rigarsa ya daina sa shi, wai zafi yake ji.

Abin da na yi kuwa, ban sani ba ko daidai ne. Kullum ina riga shi zuwa shago da awa guda, in sake wasa komai, in goge dutsen, in mayar da kowane kurfi yadda ya ajiye shi. Yana zuwa ya tarar da kayan aiki suna yanka kamar reza, ya yi ta cika baki. Ban iya kallon idon mutumin da ya riƙe mu bayan Baba, ya kai ki makaranta da wannan hannun, in ce masa hannun ya mutu ba.

Ke kika san cuta. Don Allah ki gaya mini mene ne wannan, kuma ko yana warkewa. Kada ki kira shi, kin san halinsa. Ki gaishe da maigidanki da yara.

Naki yayanki,
Dogo

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, da fatan kun wuni lafiya ke da mutanen gida. Yaya jikin ƙaramar da kika ce tana tari? Allah ya ba ta sauƙi.

Amsarki ta iso. Na karanta wurin da kika ce mai yiwuwa ciwon suga ne ya cinye jijiyoyin yatsun, kuma in ba a tare shi da wuri ba ƙafa ma za ta bi. Na karanta faɗan da kika yi mini, na kuma karɓa. Kin ce in kai shi asibiti ko da ɗaure shi zan yi. Da sauƙin faɗa daga nesa. Na bi ta wajen matarsa, ta ce ta daɗe da gani, ta yi magana ya ce sanyi ne, ya hana ta sake tayar da zancen. Amma yanzu abin ya wuce nan.

Yaya zai sayi inji. An ba mu aikin ƙofofi da tagogi na wani sabon gini, aikin da zarton hannu ba zai fitar ba. Shekaranjiya muka je wurin mai sayar da injuna, wani faffaɗan ɗaki cike da ƙarafa da warin baƙin mai. Ni na tsaya a kan wani injin tsaga katako mai murfi a kan ruwan zarton, da sandar tura katako, da maɓallin da ko da gwiwa ka buga zai tsaya. Na kuma nuna masa ƙaramin injin washi mai maƙalin da ke riƙe ƙarfe a tsaye, wanda ba ya bukatar yatsan kowa. A raina na ce in ya yarda da waɗannan biyun, na huta.

Yaya ko kallonsu bai yi ba. Ya wuce can ƙurya ya dafa wani tsohon inji mai nauyin tsiya, teburin ƙarfe ne da zarto mai kewaye tsirara a tsakiya, faɗinsa kamar faranti babba, ba murfi ba komai. Gaskiya ƙarfensa ya fi kyau, ba zai yi rawa ba, wannan ban musa ba. Mai injunan da kansa ya ce irin wannan sai mai tsayayyen hannu, yana duban furfurar Yaya.

Kin san abin da Yaya ya yi? Ya zaro kurfi daga aljihu, ya naɗe hannun riga, ya aske gashin damtsensa a gaban mutumin. Gashin na zuba, yana faɗin cewa hannun da ke irin wannan washi yana da shekara sittin ba ya bukatar murfi, murfi na waɗanda hannunsu ba shi da hankali ne. Mai injunan ya yi ta jinjina kai. Kurfin nan kuwa ni na wasa shi da safiyar ranar.

Kin ga abin da na jawo. Garin neman gira zan rasa ido. Da na bar shi ya ga kayan aiki suna dakushewa a hannunsa, da tuni ya san akwai matsala. Wata bakwai ina ba shi shaidar ƙarya kowace safiya, ga shi yanzu ya ɗauki shaidar zai kai gaban zarto.

Ba ki taɓa ganin injin nan na aiki ba. Da hannu ake tura katako, yatsu na wucewa kusa da haƙoran da tazarar da ba ta fi yatsa uku ba. In katakon zai cije ya yi tsalle, a yatsu ake fara jin ɗan motsinsa, sai a janye. Wanda ba ya ji, sai dai ya gani, kuma kafin ido ya gani an gama. Na san kafinta biyu da suke gaisawa da hagu saboda irinsa, su kuwa hannunsu lafiyayye ne.

Na ce masa ni zan riƙa kama injin, shi ya tsaya a kan awo da haɗi. Ya yi dariya, ya tuna mini ranar da na buga wa yatsana guduma ina ɗan shekara goma sha biyu, ya ce babba ne ke fara hawa sabon doki. Mai fentin da ke maƙwabtaka da mu ya taya shi dariya. Ni ma na yi, don ban san abin da zan yi da fuskata ba.

Ranar Alhamis za a kawo injin. Ina tsoron in faɗa masa ya ɗauka kujerarsa nake so, ina tsoron in yi shiru in kwashi yatsunsa a cikin garin katako. Ki sa mu a addu'a.

Naki yayanki,
Dogo

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum. Da fatan kina lafiya, da maigidanki da yara duka. Ki yi haƙuri da rashin ɗaukar wayarki kwanakin nan. Ina ganin kiran, bakina ne ya yi nauyi. Kafin komai, ki kwantar da hankalinki: yatsun Yaya goma suna nan.

Ranar Alhamis ɗin na je shago da wuri kamar kullum, na tsaya a gaban benci, ban taɓa komai ba. Na bar su kurfi yadda ya wasa su. Na ce bari ƙarfe ya faɗa masa abin da ni na kasa.

Da hantsi aka sauke injin, mai lantarki ya hau haɗa waya. Yaya ya ɗauki kurfi zai gyara bakin wani katako da za mu gwada injin da shi. Kurfin ya ƙi ci. Ya dube shi, ya koma kan dutse, ya goga, ya shafa yatsa, ya dawo. Ya sake ƙi. Sau uku yana komawa, kowane komawa yana ƙara danna ƙarfen a dutse da fushi. A na ukun wani gefen bakin ya yi kaifi da gaske. Ya shafa bai ji gemu ba, sai ya danna yatsan a kan bakin da kansa, ya ja.

Ina kallo fatar ta buɗe. Shi kuwa ya ajiye kurfin, ya ɗauki katakon, ya juya yana yi wa mai lantarki bayanin inda yake son maɓalli. Jini na bin tafin hannunsa zuwa wuyan hannu, yana ɗiga a kan farin katako, yana ta magana har da murmushi. Mai lantarki ya tayar da injin don gwaji, shagon ya cika da ƙara. Yaya ya nufi teburin da katakon a hannu.

Ban san lokacin da na tsallake benci ba. Na fizge wayar daga bango, na kama wuyan hannunsa na ɗaga masa shi a gaban ido. Ya daɗe yana kallon jinin kamar hannun wani aka nuna masa.

Daga nan bakina ya ɓalle. Na faɗi komai: kurfin da ya yage mini wando, awa gudan da nake riga shi zuwa, dutsen da nake gogewa, har da kurfin da ya aske gashi da shi a gaban mai injuna. Abin da ke cina har yanzu shi ne ban ja shi gefe ba. A gaban mai lantarki na faɗa, da mai fenti da ya leƙo jin ƙarar, da masu dakon da suka sauke injin. Wata bakwai ina rufa masa asiri, na zo na tone shi a rana ɗaya a gaban mutum shida.

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya tambaye ni tun yaushe, na faɗa masa. Ya naɗe yatsan da gefen rigarsa, ya fita, ko hularsa bai ɗauka ba.

Washegari matarsa ta raka shi asibiti, shi da kansa ya ce su je. Abin da kika faɗa ne. Sun ɗinke yatsan, sun ba shi magani, sun ce za a iya tare ƙafafun da idon in ya kiyaye. Jin da ya tafi daga yatsu kuwa, likitan bai yi musu alkawarin dawowarsa ba. Na sa an mayar da injin an kawo mai murfin, ni nake tsaga katakon ƙofofin. Yau kwana tara bai leƙo shago ba.

Jiya bayan la'asar na je gidansa. Na same shi zaune a barandar tsakar gida, hannuwansa a kan gwiwa. Ya amsa sallamata, ya tambayi matata da yara da aiki, ɗaya bayan ɗaya, irin tambayar da ake yi wa baƙo. Na ba shi haƙuri, ya ce ba komai. Na fi rabin awa a wurin, ba mu haɗa ido ba.

Da zan tafi ya miƙo mini hannu. Na riƙe shi da hannu biyu, ina bin yatsun ɗaya ɗaya, duk suna nan da ɗuminsu. Sai na matse su da iyakar ƙarfina, ko zai gane abin da nake nufi. Yana kallon bakin ƙofa, yana jira in sake shi. Bai ji ba, Auta.

In kin samu hutu ko na kwana biyu ne, ki zo. Ke yana jin maganarki. Ki gaishe mini da maigidanki, ki shafa kan yara.

Naki yayanki,
Dogo