Ni Ce 'Yar Fari

Buza, daren Talata, bayan girbi, 1984

Yau ma Inna ta hana ni wanke mata ɗinkin. Ni na kai ta Yamai, ni na kwana ƙasa bakin gadonta lokacin da suka yi mata aiki suka cire ciwon dajin da ya kama ƙwan mahaifarta. Ni likita ya koya wa yadda ake sauya auduga. Amma da na shigo da ruwan zafi sai ta ja zane ta rufe cikinta, ta juya fuska bango, ta ce, "A kira mini Hadiza."

Hadiza auta, wadda ko jini ba ta iya kallo! Ina tsaye bakin ƙofa ina gaya mata abin da za ta yi, su kuwa suna ta dariyarsu. Har kai Inna ta ɗora bisa cinyarta.

Na san kunyar 'yar fari ce, tun da aka haife ni ba ta taɓa faɗin sunana ba. Da tana da lafiya ban damu ba. Yanzu kullum ƙara ramewa take, ni kuwa haushin ƙanwata nake ji, Allah ya yafe mini.

Ɗazu na ji Inna ta katanga tana tambayar Hadiza, "Waccan ta ci tuwo kuwa?"

Waccan ta ci, Inna. Sunanta take son ji, ko sau ɗaya, tun da sauran lokaci.