Makarantar Shekara Uku

Yaya Sailuba,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, da Inna da mutanen Kusfa. Ni ma lafiya lau a Istanbul, sai dai sanyi, kuma harshensu ya ƙi zama a bakina.

Na ji saƙonki cewa likita ya ce idon Baba ba zai kai baɗi yana gani ba. Tun ranar na kasa zura zare a allura. Kin san makarantun zanen tufafi biyu ne suka ɗauke ni, ta shekara ɗaya da ta shekara uku. Da na nemi shawararsa, ya ɗago daga aikin babbar rigar da ke cinyarsa ya ce, "Rukayya, zaɓi mai tsawon, ina nan." Ashe tun lokacin ya sani?

Jiya na je ta shekara ɗayan don in koma can, suka ce sun rufe ɗauka. Kada ki gaya masa.

Hajiya Binta, wadda ke zuwa saro kaya nan, za ta kawo rigar farko da na ɗinka. Ba ta yi kyau ba, hannu ɗaya ya fi tsawo. Don Allah ki nuna masa ita a bakin zaure, inda haske yake. Kada ki jira.

Ƙanwarki,
Rukayya